Yaranmu na cin JAMB amma ba sa kaiwa ƙarshe: ina matsalar take?

Sakataren ƙungiyar unguwa, Rikkos, Jos:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na saya wa 'ya'yan marasa ƙarfi fom ɗin JAMB, amma kaɗan ne ke samun gurbi, wasu kuma su shiga su fito ba digiri. Ɗan kuɗin da muke tarawa, a ina ya fi dacewa mu sa shi?

Malamin sakandare, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam, Sakatare. Fom ba shi ne wahalar ba. Yawanci bayan jarrabawa ake faɗuwa. Tun 2017 ta CAPS, wato shafin JAMB na intanet na ɗaukar ɗalibai, ake ba da gurbi, kuma in ba a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a kai ba, a cibiyar CBT (wurin jarrabawar kwamfuta) da JAMB ta amince da ita, ko maki 280 yaro ya ci ba za a duba shi ba. Sai kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Sai haɗin darussa: mai son likitanci da bai rubuta Fizis ba ya fita tun kafin a fara. In gurbi ya fito kuma, dole ya shiga ya karɓa da kansa. Ku ba mutum ɗaya aikin bin wannan kawai.

Ku san rabon ma: a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari baya a boko. Zaɓen Jami'ar Jos yakan fi wa ɗan nan amfani a kan wata mai nisa.

Lakcara, Naraguta:
Malam ya yi daidai, amma ni shekarar farko ta fi damuna. Tun 1975 Vincent Tinto na Amurka ya nuna cewa ɗalibin da bai saje da karatu da mutanen makaranta ba shi ne ke saurin barinta. A nan hakan na nufin yaron da bai san malamin da ke kula da ajinsu ba, ya makara rajistar kwasa-kwasai, ba ya zuwa lakca don ba kuɗin keke. Kwas biyu ya faɗi, su biyo shi aji biyu, nauyi ya ninku. Ku haɗa kowane sabo da ɗan aji uku na sashensa, su riƙa haɗuwa duk mako, ku kuma nemi ganin sakamakon zangon farko, kar ku jira na shekara.

Hajiya mai bibiyar tallafin karatu:
Kar ku kashe kuɗinku kan abin da NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, ke biya. Tun 2024 tana ba da bashi marar ruwa: kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, da ₦20,000 a wata ga ɗalibi, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai sai yaro ya zama ɗalibi sannan zai nema. Naku ku riƙe shi don kuɗin karɓar gurbi, ɗakin kwana da na mota a watannin farko, musamman ga 'yan mata, don iyaye da yawa in ba tabbacin masauki ba sa barin su tafi.