Yadda ake kama duk ƙimomin da aka saka wa siffa a gwaji da Moq

MaiKoyo: Assalamu alaikum. Ina rubuta gwaji da C#, kuma laburaren Moq nake amfani da shi, wato wanda ke ƙirƙirar abin bogi da zai tsaya a madadin na gaske lokacin gwaji. Ina da intafes (interface) mai siffa (property) guda, Status, wadda aikin da nake gwadawa yake canzawa sau uku: "jira", sannan "aiki", daga ƙarshe "kammala". Na sa SetupProperty, amma idan aikin ya ƙare na duba, "kammala" kaɗai nake tararwa. Yaya zan tabbatar da cewa duka ukun sun shiga, kuma bi da bi?

TsohonHannu: Wa alaikumus salam. Malam, Moq bai yi kuskure ba, domin aikin SetupProperty shi ne ya sa abin bogin ya riƙe ƙima kamar siffa ta gaske, wato kowace sabuwa ta shafe wadda ta gabace ta. Ka tanadi jeri wanda babu komai a ciki, sannan ka rubuta:

`mock.SetupSet(x => x.Status = It.IsAny<string>()).Callback<string>(v => jeri.Add(v));`

Duk sanda aka saka wa Status wani abu, Callback zai jefa shi cikin jerin, sai ka kwatanta da abin da kake tsammani. VerifySet tare da Times.Once zai nuna maka an saka "aiki" sau ɗaya, amma ba zai gaya maka wanne ya riga wanne ba.

Magina: Akwai tarko biyu. Idan wata rana ka koma yin bogin aji maimakon intafes, dole siffar ta kasance virtual, wato wadda aka yarda ajin da ya gada ya sauya ta, saboda Moq ya dogara ne da wani laburare mai suna Castle DynamicProxy wajen ƙirƙirar ajin da zai gaje naka, kuma abin da ba a yarda a sauya shi ba, ba zai iya tare shi ba. Na biyun ya taɓa cinye mini yini guda: abin da nake kamawa ba rubutu ba ne, abu ɗaya ne da ake ta gyara cikinsa, sai jerin ya fito da shi sau uku, duka a yanayinsa na ƙarshe. Kwafi ya kamata a ɗauka a cikin Callback ɗin.

TsohonHannu: Gaskiya ne. Sai dai ka tambayi kanka, Malam MaiKoyo, ko akwai wanda ya dogara da wannan jerantawar, don in babu, gwajin zai riƙa faɗuwa duk lokacin da ka gyara cikin aikin ba tare da sakamakon ya canza ba.

MaiKoyo: Akwai, allon mai amfani yana nuna kowane mataki. Na gwada, ukun sun fito a jere. Na gode, malamai.