Neman shawara: zan iya binciken kwak da gulon da laftof kawai?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fiziks, kuma an ce kowa ya kawo batun bincikensa kafin ƙarshen zango. Abin da raina ke so shi ne QCD, ka'idar kwak da gulon, a kan raga, wato a yanka sarari da lokaci gida-gida a cikin kwamfuta, a lissafa ƙarfin da ke ɗaure kwak (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin furoton) da gulon (masu manne su). Abin da ya ja ni: kwak ukun da ke cikin furoton, in aka haɗa nauyinsu, bai kai MeV 10 ba (MeV ma'aunin kuzari da nauyin ƙwayoyi ne), alhali furoton MeV 938 ne. Ragowar daga kuzarin gulon da motsin kwak yake fitowa, kuma a 2008 masana daga Budapest da Marseille da Wuppertal sun lissafo shi kai tsaye daga ka'idar. Malamin da zai duba aikina bai hana ni ba, amma ya ce wannan aikin manyan kwamfutoci ne, sashenmu ba shi da su, shi kuma ba fanninsa ba ne. Abin da nake da shi laftof mai RAM giga 8 da ɗan sanin Python. In ci gaba, ko in nemi wani batun tun da wuri?

Injiniyan Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malama, ki bi maganar malaminki. Masu wannan aikin dubban GPU, wato na'urorin lissafi masu sauri, suke haɗawa su yi watanni suna lissafi. Ki nemi abin da za ki gama a kan lokaci.

Yaya daga Jamus: Ƙanwata, wannan fannin nake yi, bari in raba miki maganar biyu. Injiniya ya yi gaskiya a kan nauyin furoton, wannan ki cire shi daga ranki. Ragar da ake irin wannan aikin da ita kan kai gida 64 ta kowace fuska uku, da 128 ta fuskar lokaci. Gidaje sama da miliyan 33 ke nan, kowanne da igiya huɗu masu haɗa shi da maƙwabtansa, kowace igiya matris ce, wato jadawalin lambobi, 3 sau 3. Hoto ɗaya tak na filin gulon, wato lambobin dukkan igiyoyin, ya kusa giga 20, kuma ɗaruruwa ake buƙata. Amma ba ma ajiyar ce ke cin kuɗi ba, kwak ne. Duk motsi ɗaya sai an warware wata ƙatuwar matris ta Dirac, kuma iya sauƙin nauyin kwak, iya wahalar warwarewar.

To ki cire kwak masu motsi, ki bar gulon zalla, sai labari ya canja. Raga mai gida 8 ta kowace fuska huɗu gidaje 4096 ce, hotonta bai kai mega 3 ba. Kenneth Wilson ya kawo tsarin ragar a 1974 yana jami'ar Cornell, amma Michael Creutz na Brookhaven ne ya nuna da lissafin Monte Karlo, mai aiki da lambobin ƙuri'a, a 1980 cewa ɗaurin kwak yana fitowa, da SU(2), wato sauƙaƙƙen tsari mai matris 2 sau 2, a kwamfutar da wayar hannunki ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan aikin za ki iya maimaita shi, ki ma wuce shi.

Ga yadda zan bi in ni ce. Ki fara da U(1), inda kowace igiya lamba ɗaya ce, a fuska biyu, domin amsarta sananniya ce da alƙalami: matsakaicin ƙaramin murabba'in igiyoyi shi ne I1 bisa I0, sanannun ma'aunan lissafi na Bessel. In lambar da kwamfutarki ta bayar ba ta dace da wannan ba, kin san matsalar a manhajarki take. Daga nan SU(2) a fuska huɗu, sannan SU(3), mai matris 3 sau 3 irin na QCD. A SU(3), in kin sa beta, lambar da ke saita ƙarfin mu'amalar gulon, a 6.0, murabba'in ya kamata ya ba ki kusan 0.594. Da kin samu wannan, sai ki auna zoben Wilson, wato rufaffun zagayen igiyoyi, masu girma daban-daban, ki fitar da kuzarin da ke tsakanin kwak biyu masu nauyi. Za ki ga yana hawa tsaye da nisa, kamar roba da ake ja ba ta saki. Ƙarfin jan ya kai kimanin GeV 1 (MeV 1000) a kowane femtomita (kusan girman furoton), wato kamar nauyin tan 15 zuwa 16 a kan ƙwayoyi biyu. Wannan zanen kaɗai ya isa babi guda.

Malam Mai Ƙididdiga: 'Yata, ni ƙididdiga nake koyarwa, ba fiziks ba, amma ga inda nake ganin ɗalibai suna faɗuwa a kowane aikin Monte Karlo. Hotunan da manhajar ke fitarwa ba su da 'yanci da juna, kowanne daga na bayansa aka gina shi. In kin ɗauki hoto 1000 kin raba da tushen 1000 kamar yadda aka koya miki a aji ɗaya, kuskuren da za ki rubuta zai yi ƙanƙanta fiye da gaskiya, kuma babu wanda zai gane sai mai jarraba ki in ya san aikin. Ki zubar da hotunan farko har tsarin ya daidaita. Ki fara sau ɗaya daga igiyoyi a jere, sau ɗaya daga hargitsattsu, ki ga ko sun haɗu a wuri guda. Sannan ki tara hotunan rukuni-rukuni, ki riƙa ƙara girman rukunin har kuskuren ya daina hawa, ki yi amfani da dabarar jaknaif, wadda ake cire rukuni ɗaya-ɗaya ana sake lissafi. Malaminki ko bai san QCD ba, wannan ɓangaren zai iya duba miki.

Ɗalibar Fiziks: Na gode Yaya, na gode Malam, Allah ya saka. Amma Yaya, in babu kwak, ba za a ce ba QCD na yi ba? Kuma Python zai ɗauki wannan?

Ɗan Kimiyya: Ki yi a kan taurarin nutron mana, ko maganar maganaɗisun miyon, ɗan'uwan lantaron mai nauyi, da cibiyar Fermilab ta Amurka ta auna. Su ne ake yayi yanzu.

Yaya daga Jamus: Ɗan'uwa, kada ka jefa ta rami. Taurarin nutron su ne daidai inda ragar ta gaza. Da zarar kwak sun fi kishiyoyinsu yawa, abin da ake ɗauka a matsayin yiwuwar kowane hoto yakan daina zama lamba tabbatacciya, Monte Karlo kuma ba ya aiki da irin wannan. Shekaru ake yi ana fama da ita, har yau ba a warware ba. Miyon kuwa, ana buƙatar daidaito ƙasa da kashi 1 cikin 100, shi ya sa sakamakon ƙungiyar nan ta Budapest da ya fito a 2021 ya tayar da ƙura haka. Aikin ƙungiya ne mai mutane da yawa.

Ƙanwata, ki rubuta a taken aikinki cewa ka'idar SU(3) ce ta gulon zalla, babu mai ja da ke. Shekaru da dama kusan duk fannin haka yake lissafi, ana watsi da kwak masu ɓullowa su ɓace, saboda kwamfutocin lokacin ba su iya ba. Kuma akwai fiziks na gaske a ciki. In kin taƙaita fuskar lokaci zuwa gida 4, kin ɗora tsarin a kan zafi ke nan. Ki auna zoben Polyakov, wato igiyoyin da suka zagaye fuskar lokaci, kina ƙara beta, za ki ga ya yi tsalle wajen 5.69, wurin da ɗaurin ke kwancewa. A gulon zalla canjin na tsalle ne. Da kwak na ainihi a hankali yake faruwa, wajen MeV 155, kuma wannan bambancin abin tattaunawa ne mai kyau a babinki na ƙarshe.

In lokaci ya rage miki, kina iya ɗora kwak a kan hotunan da kika riga kika haɗa ki auna nauyin fayon, ƙwayar da kwak da kishiyarsa ke haɗawa. Amma ki sani tun yanzu: in kin rubuta lissafin Dirac a kan raga kai tsaye, kwak ɗaya zai zama 16. Nielsen da Ninomiya sun nuna a 1981 cewa ba a guje wa wannan ba tare da an sadaukar da wani abu ba, kuma maganin da Wilson ya bayar shi ne mafi sauƙin rubutawa. Kada ki sa wannan cikin alƙawarin da za ki yi wa sashe.

Python zalla zai yi miki U(1). A SU(3) zai ba ki haushi, ki koma C ko ki yi amfani da Numba, mai ƙara wa Python sauri. Akwai manhajoji na kyauta irin su Chroma da openQCD da MILC, amma ni ina ganin ki rubuta naki tukuna, ki yi amfani da nasu wajen gwada amsarki.

Injiniyan Kwamfuta: In dai wannan girman ne, na yarda laftof zai yi. Abu ɗaya: wuta. Ki sa manhajar ta riƙa ajiye hoton da take kai bayan kowane ɗan zagaye, haɗe da matsayin injin lambobin ƙuri'a, domin in an ɗauke wuta ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ki ɗaga laftof ɗin daga kan katifa, zai yi kwanaki yana aiki da dukkan ƙarfinsa.

Malam Mai Ƙididdiga: Ki kuma duba shirin difloma na cibiyar fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, da cibiyoyin koyar da lissafi na AIMS na Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda da Afirka ta Kudu. Ɗalibar da ta zo da manhajar da ta rubuta da hannunta, takardarta daban take.

Ɗalibar Fiziks: To zan kai wa Malam wannan: SU(2) da SU(3) na gulon zalla, kuzarin tsakanin kwak biyu, da canjin da zafi ke kawowa. Yaya, a dabarun sabunta igiyoyi, da Metropolis zan fara ko da wankan zafi (heat bath)?

Yaya daga Jamus: Metropolis, ya fi sauƙin gano kuskure. Ki daidaita girman takunki yadda kusan rabin sauye-sauyen za su karɓu, kuma ki riƙa gyara matris ɗin lokaci-lokaci don kada su zame daga SU(3). In lambar U(1) ta fito, ki turo ta nan tare da kuskurenta mu gani.