Abokai sun zame, in je wasan Sallah ni kaɗai?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Akwai wasan mawaƙa da za a yi nan Kano kashegarin Sallah, mu huɗu muka shirya zuwa, yanzu duk sun zame. Ɗaya zai tafi ƙauye, ɗaya ya ce kuɗin tikitinsa sun shige ɗinki, na ukun kuwa tunda aka sa masa rana ba a ganin ƙeyarsa. Ni na riga na sayi nawa. In je ni kaɗai ko in nemi mai saye?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Je ka abinka, ƙanena. Ni yanzu da gangan nake zuwa ni ɗaya. In kuna da yawa, kafin a gama jiran wane ya yi wanka, wane ya karɓo hula daga wanki, an cinye kujerun kirki. Ku shiga kuma wani ya ce yunwa yake ji, wani ya ce a ɗauke shi hoto, wani budurwarsa ta kira sai an fita waje an nemi inda babu ƙara. Kai kaɗai kuwa inda ka ga dama nan za ka tsaya, lokacin da ka gaji ka kama hanya.

Anti Mai Lalle: Kai namiji ne shi ya sa kake faɗin haka. Mu ko kusa. In za mu je irin wannan wuri sai mun haɗa gayya, kuma sai wanda ake yi da rana a rufaffen zaure, ga kujera ga lamba. Auta dai ya fara faɗa mana, fili ne ko cikin ɗaki?

Auta: Anti, ɗakin taro ne, irin waɗanda ake biki. Sun rubuta ƙarfe huɗu na yamma.

Ɗan Fagge: Huɗunsu bakwai ce, ka sa wannan a ranka. Babban mawaƙin kuma shi ne ƙarshen hawa.

Kawu Tela: Ɗana, duk ba ku yi tambayar da ta kamata ba. Da makaɗa za a yi wasan, ko mamin ne, wato a saka waƙa mawaƙi ya yi ta motsa baki?

Auta: Wallahi Kawu ban tambaya ba. Na dai ga hotunan mawaƙa a jikin takardar talla.

Kawu Tela: To nan gizo ke saƙa. Na taɓa raka yaran gidana wani wasa, ba zan faɗi wuri ba. Aka saka waƙar da ke cikin wayar kowa, mawaƙin ya riƙe makirfo yana motsa baki yana zagaye dandamali. Can janareta ya shaƙe, wuta ta ɗauke, sai wurin ya yi tsit, shi ma ya yi tsit. Ko baiti ɗaya bai iya ja da muryarsa ba har aka gyara. In irin wannan ne, lalle kana buƙatar abokai, don hirarsu ce za ta fanshe kuɗinka. In kuwa kiɗa ne na hannu, aboki ma damunka zai yi.

Ɗan Fagge: Kawu kun fara ke nan. Ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai yaran yanzu da ke zuwa da mai fiyano da mai ganga da 'yan amshi, kuma muryarsu a fili ta fi ta situdiyo daɗi.

Kawu Tela: Ban musa ba, shi ya sa na ce ya tambaya. Amma bari in gaya maka abin da kunne ke nema a wasan gaske. Ka tsaya kusa da mai kalangu ka kalli hammatarsa. Yana matse tsirkiyar yana saki, muryar kalangun na hawa tana sauka, har ka ji sunan mutum ya fito daga fata ba tare da an buɗe baki ba. Shi ne take. Wanda aka kaɗa wa takensa ko yana bakin ƙofa zai san da shi ake. Sannan mawaƙin yana kallon jama'a ne, ya hango wani ya shigo, nan take ya saƙa shi cikin waƙa, 'yan amshi su ɗauka, sanƙira ya yi ta fayyace wane ne ɗan wane jikan wane. Waƙar da ka ji yau gobe ba haka za ta fito ba. Marigayi Shata, da ya rasu a 1999, haka yake wasansa da makaɗansa da 'yan amshinsa. Ɗan Maraya Jos kuwa, Allah ya jiƙansa, shi da kuntiginsa ne kawai, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya, ya cika wuri har ya rasu a 2015. Mai wasan ma shi kaɗai yake hawa, balle kai ɗan kallo.

Anti Mai Lalle: Kawu kun tuna min da kiɗan ƙwarya. A kife ƙwarya cikin ruwa a baho, wasu a kan tabarma, mata zalla a tsakar gida, babu lasifika babu tikiti. Ni har yau babu wasan da ya kai min amada daɗi. Sai dai wannan Auta ba shi da rabo a ciki.

Auta: Anti ai ko leƙe ba za a bar ni in yi ba.

Malam na Samaru: Ni ba na zuwa irin waɗannan wurare, kuma kun san ra'ayina a kai. Abu ɗaya zan ce. Wasan da aka sa huɗu aka fara bakwai ya haɗiye Magariba, yana neman Isha'i. Ka tafi da alwalarka, ka duba masallacin da ke kusa tun kafin ka shiga, ka kuma tambayi masu ƙofa ko in ka fita salla za su bar ka ka dawo. Wasu wuraren tambari suke buga wa mutum a hannu, wasu kuwa in ka fita ka fita ke nan.

Auta: Na gode Malam, wannan ban ma kawo shi ba.

Nas: Ni ta fannin aikina zan shigo. Kada ka tsaya gaban lasifika, komai daɗin gaba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙarar sauti a wuraren wasa kada ya wuce desibel 100 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), kuma a nan wa ke aunawa? Mai sauti murɗawa kawai yake har ka ji ƙirjinka na rawa. In ka fito kana jin kunnenka na shuuu, ko maganar mutane ta koma kamar daga nesa, kunnen ya sha wuya ke nan. Yau ya warware, gobe ya warware, wata rana ya ƙi. Akwai abin toshe kunne na soso, ana samu a manyan kemis da wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, ba shi da tsada. Auduga ba ta tare wani abin kirki. Kuma ka riƙa fita kana hutar da kunnen.

Ɗan Fagge: Gaskiyar Nas ce. Dabarar ita ce ka nemi inda mai haɗa sauti ya kafa teburinsa, galibi tsakiya ko ɗan baya, ka zauna kusa da shi. Da kunnensa yake daidaita komai, don haka abin da ya fi daɗi a ɗakin a wurinsa yake sauka. Gaba ta masu liƙi ce da masu son a ɗauke su a bidiyo.

Lauyan Zaure: Tunda an ambaci liƙi, bari in sa baki. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta hana watsa naira da taka ta a wurin biki. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru dokar na kwance, amma daga 2024 EFCC ta tashe ta, ta gurfanar da sanannun mutane, har da 'yan nan Arewa. Kuma shaidar ba wahalar samu take ba, bidiyon da abokinka ya ɗora ne. In waƙa ta ratsa ka, miƙa a hannu, ko ka sa a ambulan ka ba yaron mawaƙin.

Kawu Tela: Da can ma kyautar girma ba watsa ta ake yi ba. Sanƙira ake ba, ya ɗaga ya shelanta, riga ce ko kuɗi ko doki.

Auta: Lauya, wanda da ƙyar ya haɗa kuɗin tikiti ina ya ga na liƙi.

Anti Mai Lalle: Ni abin da ya fi damuna komawa gida. A wace unguwa kake, kuma da me za ka je?

Auta: Wajen Kurna nake Anti. Adaidaita zan hau.

Anti Mai Lalle: To ka ji. Nan ne rashin aboki ke ciwo, ba a cikin ɗaki ba. Acaɓa dai tun 2013 aka hana a Kano. Adaidaita kuma a 2022 an sa musu dokar daina aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Ko ka ga wasu na ratsawa, kada ka ɗora tafiyarka a kansu, wanda ka samu ma kuɗin da zai yanka maka sai ka riƙe baki. Ka nemi mai adaidaitan unguwarku wanda ka sani, ku yi ciniki tun da rana, ya zo ya ɗauke ka tara da rabi. Ko babban mawaƙin bai hau ba ka fito. Kuma ka gaya wa Hajiya inda za ka da lokacin dawowa, ba wai ka ce za ka je nan baya ba.

Ɗan Fagge: Tara da rabi fa Anti? Lokacin ne wasa ke ɗaukar zafi.

Anti Mai Lalle: Ya ɗauka. Kai a Fagge kake, ko da ƙafa ka isa gida.

Ɗan Fagge: Na sallama. Ƙari a kan nata: waya a aljihun gaba, ba aljihun gefen riga ba, nan ne ɓarayi suka fi so. In kana da ƙaramar waya mai maɓalli ka tafi da ita ka bar babbar. Kada ka fito bakin titi kana latse-latse, ka kira mai adaidaitan tun kana ciki. Da shigarka ka duba ƙofofi nawa ne kuma wacce ce a buɗe, don yawanci ɗaya suke bari saboda tikiti. Kuma kada ka jira waƙar ƙarshe, turmutsutsun fita ya fi na shiga.

Ɗan Maraɗi: Sannunku 'yan Kano. Ina karantawa ina dariya, ku komai sai an rufe ku a ɗaki. In Auta na son kiɗa na gaske ya zo mana kokowar Takobi. Tun 1975 ake yin ta, a Tawa aka fara, kuma zagayawa take tsakanin jihohin Nijar takwas, lokacin sanyi. Makaɗa na gefen fili, ɗan kokowa ya fito da layunsa yana kirari, a kaɗa masa takensa, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Can ba a zuwa a zama bare. Ka zauna kusa da mutum, kafin a yi kaye biyu kun fara musu, kafin la'asar ya saya maka shayi. In kuma wasan mawaƙa kake so, a Yamai akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, nan ake yawan yi.

Kawu Tela: Bai ma buƙatar ƙetare iyaka, ɗan'uwa. Gidan dambe na nan Sabon Gari, wanda ke Abuja kuma ya je Dei-Dei. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, kalangu kuma kiɗansu ne, shi ya sa ba a raba su. Ɓangarorin 'yan dambe, Kudu da Arewa da Guramada, kowa da mutanensa. Da yamma ake yi, kuɗin ƙofa kaɗan, ana kiran Magariba an watse. Ni in za a bi tawa, wanda bai taɓa fita kallo shi kaɗai ba ya fara da nan.

Nas: Kawu, ya je ya ga ana zubar da haƙora?

Kawu Tela: Ya kalli makaɗa mana, 'yar nan. Wa ya ce sai ya kalli hannu?

Malam na Samaru: Kun manta wani abu. Kashegarin Sallah ai ranar Hawan Daushe ce. In an yi hawan, hanyoyin cikin gari a toshe suke tun bayan azahar, sai ya lissafa da wannan. Na ce in an yi, don 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da hawan Kano saboda rikicin masarauta. Ya saurari rediyo kafin ranar.

Kawu Tela: Yawwa Malam, ashe kuna biye da mu. To ga kiɗa kyauta ma. Kakaki da algaita da tambari a kan raƙumi, kowane hakimi da makaɗansa a baya. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ake tattali, mu da ke gari kuma muna biyan kuɗi mu kalli mamin. Ka samu wuri wajen Ƙofar Kudu da wuri, ka jingina da bango, kada ka tsaya inda dawakai ke sukuwa.

Auta: Na kira lambar da ke jikin takardar. Sun ce mawaƙi ɗaya ne zai zo da makaɗansa, sauran duk DJ ne zai saka musu. Na tambayi lokacin da shi mai makaɗan zai hau, suka ce ba su tsara ba tukuna.

Ɗan Fagge: Ba su tsara ba na nufin shi ne na ƙarshe.

Anti Mai Lalle: Wato bayan tara da rabi.

Kawu Tela: Sayar da tikitin nan, ɗana.

Ɗan Fagge: A'a Kawu, ku bar shi ya je ya gani da idonsa. Auta, nawa suke sayarwa a ƙofa? In bai wuce hankali ba zan shigo wajen takwas, in ya so in sauke ka Kurna a mota, amma man kai za ka zuba.

Auta: Yaya ai kai ka ce da gangan kake zuwa kai ɗaya.

Ɗan Fagge: Ni ɗaya zan zo. Kujerarka daban tawa daban, kada ka neme ni sai an tashi. Turo min hoton takardar ta gefe.