Neman shawara: hanyar Machu Picchu mai araha a damina

Assalamu alaikum jama'a. Ina garin Kusko na ƙasar Peru, daga ni sai jakar goyo, guzurina kuma ya fara ja baya. So nake in kai Machu Picchu, tsohon birnin mutanen Inka da ke kan tsauni, ba tare da na hau jirgin ƙasa ba, don kuɗin tikitinsa ya fi ƙarfina.

Hanyar talaka ita ce ƙaramar bas daga Kusko, a bi ta garin Santa Teresa zuwa tashar Hidroelectrica, tafiyar awa 6 zuwa 7, daga nan a taka kusan kilomita 10 a gefen layin dogo har Aguas Calientes, garin da ke gindin Machu Picchu. Takawar ba ta dame ni ba. Matsalar ita ce watan Fabrairu muke, tsakiyar damina, lokacin da har hanyar ƙafa ta Inka ake rufewa, zaftarewar ƙasa kuma kan tare titin. Masu sayar da tikitin bas kuwa kowa cewa yake lafiya lau, to ai neman ciniki suke.

Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar bas ɗin a damina, tana biyuwa? Sannan tikitin shiga, in saya ta intanet tun yanzu, ko in bari sai na isa? Tsorona in saya, hanya ta toshe, ranar ta wuce ni.