Daga Salaga Zuwa Kurmi: Musayar Baiti Kan Komowar Ayarin Goro

Ɗan Agalawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga fili na yau: komowar ayarin fatake daga Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda ke arewacin Ghana yanzu, zuwa Kano, tun kafin jirgin ƙasa ya kashe hanyar. Tafiyar watanni ce a ƙasa, da jakuna da 'yan dako. A hanya ana biyan garama, wato kuɗin ratsa ƙasar wasu. Inda na ajiye ayarin wani ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya sauka a kan "ya". Bismillah.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Gwani mai tsare bawa a dawa,
Salati ga Manzo abin yabawa,
Da Alu, Sahabbai, masu biyawa,
Ka sa mu ga Dala cikin lafiya.

Mun sai da kanwa, an ba mu wuri,
Jar fata da gabu sun shiga gari,
Goron Asante, ja da fari,
Mun ɗaure huhu tun da wuri,
Madugu ya ce gobe sai tafiya.

Salaga, sai wata rana, ba kuka,
Rijiya birjik kamar an shuka,
Ruwa ko sai ka biya a ba ka,
An buga ganga, kowa ya ɗauka,
Mun juya, Gwanja tana can baya.

Mai Jakin Bebeji:
Wa alaikumus salam. Ɗan Agalawa, ka ambaci Madugu, ka tsallake wanda kayan ke kansa. Bari in biya masa haƙƙinsa.

Ka yabi Madugu yana bisa doki,
Ka bar mai aikin, ka manta jaki,
Akumari ya bar masa miki,
Tsando na cizo, bai buɗe baki,
Shi ne ya kai mu Yandi da kaya.

Daga Yandi sai Sansanin Mango,
Kowace yamma mu yada zango,
Mu ja ƙaya ta zame mana bango,
Ga idon kura can mun hango,
Mai gadi ba shi runtsawa ko ɗaya.

Ƙanena bai sake ganin Dala,
Ciwon ciki ya ba shi wahala,
Gindin kuka muka yi masa salla,
Muka ɗebo duwatsu muka tula,
Don kura, sannan muka kama hanya.

Jikar Magajiya:
Sannunku da ƙoƙari, malamai. Doki ya samu baiti, jaki ya samu, har kura ta samu. Matan ayarin fa? Ko da iska kuka riƙa cika ciki daga Salaga?

Kun sauka zango kun miƙe ƙafa,
Mu ne da daka, mu ne da dafa,
Da goyo a baya, jiki duk zufa,
Murhu kullum sabo muke kafa,
Sannan ku ce ku kuka sha wuya.

Goro ba kanwa ba ne, ɗan gata,
In ya sha iska yanzu ya ɓata,
A kwance huhu, a sake fita,
A yayyafa ruwa, ba a huta,
A tsince mai sankara ɗaya-ɗaya.

Mu ma fa mun san fatauci,
A zango mu ke sai da abinci,
Wurin da muka tara cikin ƙunci,
Ranar garama shi ya ceci mutunci,
Kun ranta, yaushe za ku biya?

In kuma za a faɗa, a faɗi duka:

Akwai na cikinmu da ba su da riba,
An sayo su Salaga, je ka duba,
Kaya a ka, su ake sa wa gaba,
Da uwa da uba tuni an raba,
Ku za ku gida, nasu na baya.

Ɗan Agalawa:
Hajiya, baitin nan na ƙarshe ya yi nauyi, na kasa tsallake shi. Kasuwar bayi ta Salaga ba ɓoyayya ba ce, har yau ana nuna wa baƙi wurin. Na bar shi yadda kika ajiye. Ga ayari ya doshi inda kowa ke tsoro.

Mun huta kwana biyu a Zugu,
Gabanmu dajin ƙasar Bargu,
Kibiya tana jira a lungu,
"Ku haɗe, ku matso," in ji Madugu,
"Wanda ya ware ya bar duniya."

Uban dawaki yana bin sahu,
Ya tsai da jakin da ya ya da huhu,
Malam ya tashi tun da duhu,
Ya roƙi Allah ya tsare ruhu,
Jagaba na gaba, yana leƙen hanya.

Ɗan Bargu:
Kai, Ɗan Agalawa, a hankali da kakannina! Duk sanda Bahaushe zai ba da labarin Gwanja, mu ne 'yan fashi. Ba a taɓa tambayar mai gona ba. To ga shi ya zo da kansa.

Ayarinku ya bi ta cikin gona,
Jakai sun cinye dawa da rana,
Kun sha rafinmu, nan kuka kwana,
An ce garama, kun ɓata suna,
Wa ke ratsa ƙasar wani bai biya?

Mai kai gaisuwa fadar Nikki,
A ba shi rakiya, 'yan doki,
Mai son ya zille ya rufe baki,
Shi ne kibiya kan yi wa aiki,
Sai ya iso Kano ya shara ƙarya.

Duk da haka na rako ku lafiya har bakin Kwara a Busa. Tsohon garin ma yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Wa zai fitar da su?

'Yar Yawuri:
Kawo su nan, Ɗan Bargu, ruwa namu ne.

Ɗan birni, ga ka ga Kwara,
Cika baki ya ƙare, sai a jira,
Sarkin jirgi kuɗinsa ya ƙara,
Fito sai an biya kan a fara,
Mai gardama ya yi iyo in ya iya.

Jaki ya ga jirgi ya kafe,
Ana ja da turi tun da safe,
Dorina ta huro, kowa ya lafe,
Huhun wani ruwa ya shafe,
Wahalar shekara, ba mai diyya.

Malam Mai Allo:
Madalla da wannan fili, Allah ya ƙara basira. Ga yaran da ke karatu, hanyar nan ba ta jiya ba ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, kuma a ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe cinikin goron. 'Yar Yawuri, "diyya" ta ɗan danne amsa-amo, amma na ƙyale ki saboda dorinar nan. Ga ɗan nawa.

Azumi a daji ya riske mu,
Ƙasaru muke, Allah ya gan mu,
Idi a faƙo, babu danginmu,
Ɓarin goro ne shan ruwanmu,
Shi ma wanda ba shi da mai saya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ina gaishe ku daga Kumasi, iyayena da yayyena. Kuna ta ɗokin isa gida, ni kuwa jikan wanda bai koma ba ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar ta watse, fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, daga baya wasu suka gangaro nan. Ku yi haƙuri da Hausata, ta Zango ce, cikin masu Tonanci, yaren Asante.

Kaka ya ce, "Baɗi zan koma,
In na biya bashi, na sami dama,"
Baɗi ta zo, da wani ake fama,
Ya yi aure, 'ya'ya sun girma,
Kano ta zame mana tatsuniya.

Ku gai da Dala in kun isa,
Ku ce jikansa yana nan nisa,
Da Tonanci a baki, da Hausa,
Kabarinsa na nan wannan ƙasa,
Nan ya yada zango, nan ya tsaya.

Mai Jakin Bebeji:
Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Hausarka kuwa garau take, ɗan uwa. Ai ko ya so komawa, hanyar ba ta daɗe bayansa ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku daga Ankara ta Ghana zuwa Ikko, daga nan a loda shi a tarago. Alhassan Ɗantata, haifaffen garinmu, yana cikin waɗanda suka fara bi da shi ta ruwa. Jakina ya huta, amma ba a nemi shawararsa ba.

Hanyar da muke bi duk rani,
Mu share mata ƙafa watanni,
Dogo ya zo da sabon zamani,
Goro ya iso ɗanye, kowa ya gani,
Madugu ya waiga, ba mabiya.

Ɗan Agalawa:
Haba Mai Jaki, kada ka kashe mini ayari a hanya! Jirgin nan bai zo ba tukuna, mu muna can hayin Kwara da kaya a ƙasa. Bari in shigar da su gida.

Hayin Kwara, daji ya sake,
A Birnin Gwari muka sauke,
Yara na ihu, "Ga fatake!"
Da jin Hausa jiki ya wartsake,
Fura da nono har Zariya.

Gabas ta fara haɗa hadari,
Madugu ya ce a ƙara sauri,
Bebeji ta tare mu bayan gari,
Nan aka fara rage ayari,
Saura muka doshi Gadon Ƙaya.

A Kurmi goro ya yi farashi,
Dillali ya zare nasa kashi,
Maigida ya zo karɓar bashi,
Na ƙirga riba, na ƙirga rashi,
Saura jaki da ƙwarya ɗaya.

'Yar Yawuri:
Ƙwarya ɗaya, goro ɗari ke nan, bayan duk wannan? Allah ya sa albarka. Da ba ka yi gardamar kuɗin fito ba ma sai in ji tausayinka.

Jikar Magajiya:
Kada ki ji tausayinsa, ƙanwata. Ni na san inda ƙwaryar nan za ta.

Ka shigo gida da rawani sabo,
Maroƙa na ta zuba yabo,
Mu da ƙafa duk kaushi da tabo,
Muna zaune muna jiran rabo,
Ashe da goron za a yo kishiya.

Ɗan Bargu:
Ka ji, Ɗan Agalawa? Ni ba ruwana, ƙwar biyu kawai zan yi in gudu.

Da ka bar mana ƙwaryar nan a Nikki,
Da yau gidanka ana zaman lafiya.

Malam Mai Allo:
Ɗan Agalawa, ana bin ka bashi biyu, na garama da na kishiya. Hajiya na jiran amsa, kuma a kan "ya" ɗin da kai ka kafa.