Masu biyan kuɗin wata na wasan bidiyo da suka ƙara sayen babban bugu, yaya ta kaya muku?

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu buga wasan da ake hasko shi daga sabar kamfani, ba sai an sauke a na'ura ba. In kana biyan kuɗin wata, sannan ka ƙara kuɗi ka sayi babban bugu mai damar farawa kafin ranar fitowa, yana buɗewa da wurin kuwa? Wanda ya gwada nake so na ji.

Mai Gyaran Waya, Ikeja: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ji da daɗi ba. Ran da aka ce za a buɗe wa masu babban bugu na rufe shago tun la'asar, na haɗa hannun wasa da waya. Hoton wasan yana nan raɗau, maɓallin farawa kuwa a dushe, danna duniya ba ya motsi. Sai ran da kowa ya samu ya buɗe. Kayan kwalliyar da aka yi alkawari sun zo, kwanakin da na biya dominsu sun bi ruwa.

Yayan Idi-Araba: Ƙanena, tsarin iri biyu ne, shi ke rikita mutane. Game Pass, tsarin biyan wata na Xbox, bugun gama-gari yake ba ka, kuma ranar fitowa. Ɗauki wasan Starfield: ya fito 6 ga Satumba 2023, masu babban bugu suka fara tun 1 ga wata, masu biyan wata kuma sai da suka ƙara kusan dala 35 kafin su shiga sahunsu. Masu farawa da wurin sauke shi suka yi a Xbox ko kwamfuta, haskowa sai ranar 6. Ƙarin kuma ba wasan ba ne, ran da ka daina biyan wata wasan ya kulle, ƙarin ya zauna maka haka nan.

GeForce Now na kamfanin Nvidia kuwa hayar kwamfuta ce kawai, wasan naka ne da ka saya a Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, ko makamancinsa. Ni a can nake, kuma ba na biyan ko kwabo sai na ga sanarwar da Nvidia ke fitarwa ranar Alhamis ta ce an saka wasan tun kwanakin farko.

'Yar Obalende: Yaya, duk wannan sai netwok ya yarda ai. Haskowar Xbox ba a buɗe ta a Najeriya ba, ta VPN muke shiga, manhajar da ke nuna kamar a wata ƙasa kake, sabar tana Turai. Da daddare bayan sha biyu lafiya lau. Da yamma kuwa ka danna harbi, sai an kashe ka bindigar take tashi. Ga data tana zuba. Ban ga dalilin sayen kwana uku da tsada ba alhali rabinsu hoto zai yi ta daskarewa.

Mai Gidan Wasa, Mile 12: Hajiya, ku don nishaɗi kuke yi, mu sana'a ce. Wasan ƙwallo na FC 25 ya fito 27 ga Satumba 2024, masu babban bugunsa, Ultimate Edition, suka fara 20 ga wata. A wancan makon yara layi suka yi har bakin ƙofa, shagunan kusa duk tsohon suke bugawa. Amma a na'ura na sauke shi, na tada inji. Ƙwallo ba ta haƙuri da jinkirin fasin, yaro zai ce a mayar masa da kuɗinsa.

Ɗan Agege: Alhaji, gwajin awa 10 na EA Play, tsarin biyan wata na kamfanin da ya yi wasan, fa, bai isa ba?

Mai Gidan Wasa, Mile 12: Ga mutum ɗaya a ɗakinsa ya isa ya ɗanɗana. A shagona kafin isha'i ya ƙare.