Mura ce kawai ta kama ni, amma fargabar ta dawo mini sabuwa

Mai ɗinki, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni.

Shekara uku ke nan da likita ya ce ciwon fargaba gare ni. Kafin nan na sha yawon gwajin zuciya, kullum a ce lafiya lau. Aka ɗora ni a kan sertraline, ƙwaya ɗaya kowace safiya, kuma alhamdu lillahi na ji daɗinsa. Bana har ɗinkin sallah na karɓa, na yi ta kwana a kan keke ban ji komai ba. Na kai wata takwas gabana bai yi irin wannan faɗuwar ba.

To, da hunturun nan ya shigo da ƙurarsa, ran Talata mura ta kama ni. Irin ta kowa ce, hanci ya toshe, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ga 'yar masassara da yamma. Na aiki yaro kemis ya sayo maganin mura, na sha bayan isha'i. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka zuciyata na duka kamar ana daka a turmi. In ja numfashi ya ƙi isa, yatsuna da leɓɓana kamar ana tsira musu allura. Na tada maigida na ce ya yafe mini, na fara yi masa wasiyyar yara. Kafin ya samo abin hawa abin ya lafa, ya bar ni da kuka.

Yau kwana huɗu, da magariba ta doso sai cikina ya ɗuri ruwa. Abinci ba ya shiga. Kuma gaskiya Laraba da Alhamis ban sha ƙwayata ba, ina tsoron haɗa magani biyu.

Don Allah, ciwon ne ya dawo daga farko? Wahalar shekara ukun nan ta tashi a banza ke nan?

Ma'aikaciyar jinya, Daura:

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu. Allah Ya ba ki lafiya. Ba ki koma farko ba, ki kwantar da hankalinki. Wannan abu muna ganinsa sosai, lokacin hunturu da kuma damina in sauro ya yi yawa.

Ki duba abin da zazzaɓi ke yi wa jikin kowa. Zuciyar babba in yana hutawa tana bugawa tsakanin 60 da 100 a minti. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, bugun na ƙaruwa da kamar 10. In ba ki shan ruwa sosai ya ƙara gudu, ga jiri in kin miƙe. In ba ki ci ba, ga rawar hannu da zufa. Mai lafiya zai ji duk wannan ya ce mura ce, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ke kuwa jikinki ya riga ya san waɗannan alamomi a matsayin sallamar firgici. Da zuciya ta ƙara gudu sai ƙwaƙwalwa ta ce ga shi nan ya zo, ta saki sinadarin tsoro, shi kuma ya ƙara wa zuciyar gudu. Haka za su yi ta tunzura juna.

Tsirar da kika ji a yatsu da leɓe ita ma tana da dalili. Hanci a toshe, kina ta jan iska da baki da sauri, sai iskar kabon da ke cikin jini ta ragu fiye da kima. Shi ya sa maganinta a lokacin shi ne rage saurin numfashin, ba ƙara jan iska ba: ki shaƙa a hankali, ki fitar a hankali fiye da yadda kika shaƙa. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin minti 10 ko kusa da haka, sannan ya fara sauka, kamar yadda naki ya yi.

Abin da ya fi damuna a maganarki kwana biyun da kika bar ƙwayarki ne. Irin wannan magani ba a yanke shi kwatsam. Barinsa kaɗai na kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci da ƙarin fargaba. Wato abu uku suka haɗu miki a mako ɗaya. Ki koma kan shansa yadda aka rubuta miki, kada ki ninka don rama na baya, kuma ki sanar da likitanki.

Tsohon malamin firamare, Rafin Daɗi:

'Yata, sannu da jiki. Ni na girme ki a wannan ciwo, na fi shekara 15 ina tare da shi, tun ana ce mini sammu ne.

Nawa ya fi tashi da damina. Sai dai ina so in gaya miki kuskuren da na yi, domin shi ne kishiyar naki. Da na gane cewa fargaba na kwaikwayon ciwo, sai na koma komai na ji in ce ai ita ce. Wata shekara na yi kwana biyar jiki na rawa, kai na sara, ina ta ba kaina haƙuri ina jan carbi. Ɗana ne ya tilasta mini, aka ɗiga jinina a ɗan katakon gwajin nan, cikin minti 20 ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Jinina har ya yi ƙasa, shi ya sa zuciyar ke ta gudu. Na sha maganin kwana uku, fargabar ma ta sauka tare da zazzaɓin, ko da yake ta ɗan yi jinkirin tafiya.

Tun daga nan na ajiye ma'aunin zafi a gida. In na ji gabana na faɗuwa sai in auna. In ya kai 38, na san da dalili, gobe sai gwaji. Ganin lambar nan da idona na kwantar mini da hankali fiye da duk lallashin da za a yi mini. Goro kuma, da ba na rabuwa da shi, in ba ni da lafiya ajiye shi nake yi, da shayi mai kauri. Likita ne ya nuna mini suna ƙara bugun zuciya, na gwada na ga haka ne.

Uwar biyu, Sabuwar Unguwa:

Allah sarki, wallahi sai da na yi hawaye a wajen wasiyyar nan, ni ma na taɓa yi. Yaya ki riƙe azkar na safe da maraice, ki kuma riƙe maganinki, ba sa karo da juna. Kuma kada ki kwana ke kaɗai da tunanin. Ni in dare ya yi mini tsawo ƙanwata nake kira ta yi ta ba ni labarin kasuwa har in ji barci.

Mai harhaɗa magunguna, Katsina:

Hajiya, in kwalin maganin murar na nan ki juya bayansa ki karanta. Da yawansu haɗi ne, ba abu ɗaya ba. In kin ga pseudoephedrine ko phenylephrine, su ne masu buɗe hanci, kuma suna iya sa bugun zuciya da hana barci, musamman na farkon, balle an sha da dare. Wasu magungunan ciwon kai kuma akwai kafin a ciki, irin wanda ke cikin kofi da goro.

Tsoronki na haɗa magani yana kan hanya, wanda kika ajiye ne ba shi ya kamata ba. Mai shan sertraline ya kiyayi ruwan maganin tari mai dextromethorphan, ya kuma yi nesa da tiramadol, domin haɗuwarsu na iya zama haɗari na gaske. Farasitamol zalla ba ya faɗa da shi. Sai sirace, ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, da yawan shan ruwa. Kuma don Allah a daina aiken yara sayen magani da baki. Ki rubuta sunan ƙwayarki a takarda a nuna wa mai sayarwa.

Amma in ciwon ƙirji ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, ko numfashi ya ƙi daidaita bayan tsoron ya wuce, ko zazzaɓi ya haura kwana uku, ko wuya ya sanƙare, wannan asibiti ne kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne.

Mai ɗinki, Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba kwalin, pseudoephedrine na ciki, na ajiye shi. Na koma kan ƙwayata tun jiya da safe. Baba, na bi shawararka na je an gwada jini, babu zazzaɓin sauro, maigida kuma ya sayo ma'aunin, yanzu 37 yake nunawa. Daren jiya na farka sau ɗaya gabana na faɗuwa, na zauna ina fitar da numfashi a hankali yadda Anti ta ce, ban tada kowa ba. Ran Litinin zan ga likitana. Har yanzu ban iya zama kan keke ba, ga atamfar biki kala shida na jirana.